Ina son aikin jarida, Baba ya ce aikin maroƙa ne

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ni yarinya ce 'yar shekara 18, na gama sakandare bana, kuma alhamdu lillahi sakamakona ya yi kyau, ina da kiredit a Turanci da adabin Turanci da lissafi. Tun ina firamare burina in zama 'yar jarida. Kullum da safe Baba yana kunna rediyo, ni kuma ina shara ina kwaikwayon masu karanta labarai, har a makarantarmu ni ce nake karanta labarai a asambili duk ranar Litinin. Yanzu cike JAMB ya matso, na ce zan sa Mass Comm a BUK, Baba ya ce sam. Wai 'yan jarida maroƙa ne masu bin 'yan siyasa da rikoda, in karanci koyarwa, aikin mutunci, in dawo gida da azahar. Umma kuma damuwarta aure, wai wane namiji ne zai yarda matarsa tana yawo cikin maza tana dawowa da dare. Abin da ya ƙara ɓata min lissafi, ɗan baffana wannan kwas ɗin ya yi, yau shekara uku da gama bautar ƙasarsa, POS yake yi a bakin tasha. Da na buɗe baki sai a ce min "ga yayanki nan". Anti ba na son saɓa wa iyayena, amma idan na tuna zan bar burina sai in ji kamar in yi kuka. Da gaske ne babu ci gaba a aikin? Yaya zan yi da Baba?

Ɗiyarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Amin, na gode.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Babanki bai yi ƙarya ba, rabin maganar dai ya faɗa. Na yi shekaru a ɗakin labarai na wani gidan rediyo kafin in koma rubuce-rubuce, kuma abin da ya kira roƙo na gan shi da idona, har hannuna ya taɓa shi.

A shekarata ta farko aka tura ni taron manema labarai a wata ma'aikata. An ce ƙarfe goma, babban bai fito ba sai bayan azahar. Ya karanta takarda shafi biyu, ya amsa tambaya uku, biyu daga ciki daman an tsara wanda zai yi su. Da aka tashi na rataya jakata zan wuce, sai wani abokin aiki da ya girme ni nesa ba kusa ba ya ce, "Ƙanwata ina za ki? Ai ba ki sa suna ba." Ashe wata takarda ce ke zagayawa, kowa na rubuta sunansa da na gidan da ya turo shi. Muka yi cirko-cirko a baranda kusan awa guda, har da masu furfura, kafin wani yaro ya fito da ambulan-ambulan a leda yana kiran suna kamar ana rabon zakka. Kuɗin mota ake ce masa. Na karɓa, ba zan ɓoye miki ba, lokacin mun shiga wata na biyu ba albashi, ko na komawa ofis ba ni da shi. Da na zauna rubuta rahoton sai na ji hannuna ya yi nauyi. Tambaya ta ukun nan, wadda ba a tsara ba, a kan wata kwangila ce da aka biya kuɗinta ba a ga aikin ba, babban ya yi ta kewaye-kewaye bai amsa ba. Ita ce labarin gaba ɗaya. Ban sa ta ba. Kuma babu wanda ya hana ni, wanda ya ci ladan kuturu ai ba sai an tuna masa da aski ba.

Tushen abin albashi ne. Akwai gidajen rediyo da jaridu masu zaman kansu da abin da suke ba sabon ma'aikaci bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 ba, akwai masu riƙe albashin watanni, akwai ma waɗanda katin shaida kawai za su miƙa maka, ka je ka nemi abincinka da shi. Gidajen gwamnati sun fi tabbas, albashinka na zuwa kamar na kowane ma'aikacin gwamnati, akwai fansho, sai dai ka san labarin farko kullum na mai girma gwamna ne, na biyu na uwargidansa. Duk wanda ya ce miki da kin gama digiri za ki faɗa cikin daula, yaudararki yake yi.

To amma ki dubi Baban nan dai. Kin ce kullum da safe rediyonsa na kunne. Idan aka kai hari wani ƙauye, gwamnati ta ce mutum biyar, 'yan gari suka ce hamsin, bakin wa yake jira kafin ya yarda? Na tabbata shirin ƙarfe shida da rabi na BBC yake jira, ko wani wakili da ya daɗe yana saurare har ya san ba ya ƙara gishiri. Wato a zuciyarsa 'yan jarida kala biyu ne, masu bin ambulan da waɗanda yake gina fahimtarsa ta duniya a kan maganarsu. Tsoronsa kada ki faɗa kashin farko, tsoro ne kuma mai hujja. Bahaushe ya daɗe da wannan amana tsakaninsa da masu ba shi labari. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007, ga na Turkiyya ma ya shigo. A gida, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 ta canza yadda ake magana da masu mulki a rediyo, Aminiya ta fito a 2006, Arewa24 a 2014. Harsuna kaɗan ne a Afirka ke da kasuwa irin wannan, kuma ke a cikinsa aka haife ki. Sai dai kada ki ɗora burinki duka a kan gidajen waje. Mutanen da suke ɗauka ba su da yawa, galibi kuma sai waɗanda suka riga suka goge a gida. Ba su da tabbas su ma: a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, mutane suka wayi gari suka kunna rediyo ba su ji muryoyin da suka saba da su shekara da shekaru ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki ba Baba ba ne, ke ce. Duk abin da kika ba ni a matsayin shaidar son aikin, karanta labarai ne: kina kwaikwayon murya, kina karantawa a asambili. Wannan abu ne mai kyau, murya baiwa ce. Amma minti goman da mai karanta labarai ke yi a gaban makirfo, ƙarshen aikin yini guda ne na mutanen da ba ki taɓa jin sunansu ba. Wani ya tsaya a rana ƙofar ofishin 'yan sanda, wani ya buga waya sau goma sha biyu ba a ɗauka ba, wata ta zauna tana fassara jawabin kasafin kuɗi tana neman yadda za ta faɗe shi tsohuwa a Bakori ta gane. Sabon shiga kuma can ake fara jefa shi.

Bari in ba ki labarin ranar da na fara sanin aikin. Gobara ta tashi a wata kasuwa da daddare, da safe aka tura ni. Na je na ga hayaƙi, na ga mata na kuka, na ji mutane na cewa an yi asarar rayuka. Na dawo da gudu na rubuta cewa mutane da dama sun rasa rayukansu, dukiya ta miliyoyin naira ta salwanta. Har ina jin daɗin yadda jimlar ta zauna. Editanmu, wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci da jan biro a bayan kunne, ya karanta, bai ɗago kai ba ya ce, "Su wane ne suka mutu?" Na ce haka ake faɗa a wurin. Ya ce, "Wa ya faɗa? Sunansa? Ya ga gawa, ko shi ma ji ya yi? Kin je asibiti? 'Yan kwana-kwana me suka ce? Miliyoyin nan wa ya ƙirga?" Ya ja layi a kan shafin tun daga sama har ƙasa ya miƙo min. Na koma a ƙafa rabin hanya. A asibiti aka nuna min mutum biyu da suka ƙone a hannu, an ɗaure musu, suna zaune suna shan shayi. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Sarkin kasuwa ya zagaya da ni muka ƙirga rumfunan da suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Da na kawo na biyun, dattijon ya karanta ya ce, "Da na farkon ya fita, yau mata nawa ne za su yi ta kiran wayar mazajensu suna kuka?" Bai yaba min ba, ya dai sa hannu ya miƙa wa mai karantawa. Mai karantawar kuwa ita aka sani a gari, ni ko a unguwarmu babu wanda ya san na je kasuwar.

Ki tambayi kanki tsakani da Allah: a labarin nan, wace kike son zama? Idan komawa asibitin nan da ƙirga rumfunan ya ba ki sha'awa, kina da jinin aikin. Idan kujerar mai karantawa kawai kike hange, ba laifi ba ne, amma ba sai kin yi rigima da mahaifinki a kan digirin shekara huɗu ba, gidajen rediyo na ɗaukar masu gabatar da shiri daga kowane fanni in dai muryar da harshen sun yi.

Shi kansa kwas ɗin, ga yadda yake. Shekara huɗu ne ta JAMB, uku ga mai shigowa da difloma. Yawancin jami'o'i na neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi da adabin Turanci, kin ga kin cika wannan, sauran darussan jarrabawar ki duba ƙasidar JAMB ta bana da kanki kada ki dogara da mai kafe, don jami'o'i na bambanta. Kwas ne mai cunkoso, masu nema sun fi gurbi yawa, saboda haka makin tsira kawai ba zai kai ki BUK ba. BUK ɗin zaɓi ne mai kyau, tsangaya guda suka ware wa fannin sadarwa, suna da gidan rediyonsu da ɗalibai ke koyon aiki a ciki. ABU Zariya ma tana da shi, ga ta kusa da ku, wannan kuma magana ce da za ta yi wa Umma daɗi. Akwai Jami'ar Maiduguri, akwai Kaduna Polytechnic ga mai son bi ta difloma, akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos. Ki kuma sani cewa a 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, lokacin tana hannun Farfesa Abubakar Rasheed, wanda shi kansa tsohon editan jaridar New Nigerian ne, ta raba Mass Comm gida bakwai: aikin jarida zalla, rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafafen yaɗa labarai. Jami'o'i ba lokaci ɗaya suke komawa sabon tsarin ba, don haka ki karanta sunan abin da kike zaɓa da kyau.

A aji za a koya miki rubuta labari, tarihin jarida, ra'ayoyin masana kan tasirin kafafen yaɗa labarai, hanyoyin bincike, ɗaukar hoto, da dokoki da ladubban aiki. Wannan na ƙarshen kada ki yi wasa da shi, shi ne abin da digirin ya fi koyo a bakin aiki da shi. Nan za ki san mene ne ɓata suna a shari'a, ki san sashe na 22 na tsarin mulki da ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati, ki san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takardu, ta ba su kwana bakwai su amsa. Amma ki shirya ganin aji mai ɗaruruwan ɗalibai da kyamara ƙwaya biyu ko uku, wata ma ta lalace. Mutum na iya haddace komai ya fito da sakamako mai kyau bai taɓa yi wa kowa tambaya da rikoda a hannu ba.

Ban san yayanki ba, kuma ba zan zarge shi ba, ƙasar nan ta kayar da masu ƙoƙari da yawa, sana'ar POS kuma halal ce, ta fi jiran ambulan a baranda mutunci. Amma ki same shi cikin ladabi ki tambaye shi abu biyu: a ina ya yi zaman sanin makamar aiki, kuma rahoto nawa ya taɓa fitarwa da sunansa kafin ya gama? Na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata. Takardun digiri duk kamarsu ɗaya, sai mu ture su gefe mu ce, "Nuna mana abin da ka yi." Wanda ya zaro waya ya kunna mana rahoto uku da ya haɗa yana ɗalibi, ya riga ya wuce layi. Watannin sanin makamar aikin nan da wasu ke zuwa su sa hannu a littafi su gudu, a nan ake samun yawancin ayyukan farko, don edita ya fi son ɗaukar yarinyar da ya riga ya ga tana zuwa ƙarfe bakwai.

Abu guda da zan roƙe ki, ko me kika karanta: ki iya rubuta Hausa. Yara da yawa na zuwa da tunanin ai harshensu ne, sai ka ba su labarin Turanci sakin layi uku su fassara, su kawo maka Turanci sanye da riga da hula. Ba su san inda ake raba kalma ba, ba su bambanta ƙ da k ba. Wanda ya iya Hausa da Turanci duka biyun a rubuce, ya iya haɗa murya da bidiyo a wayarsa, ya kuma san wani fanni guda sosai, noma ne ko lafiya ko kotu ko kasafin kuɗi, da wuya ya zauna ba a neme shi ba. Ke 'yar Funtuwa ce, garin auduga da masara. Wakilan da suka san siyasa sun yi yawa, wanda zai iya bayyana dalilin da buhun taki ya fi buhun masara tsada, da lissafi, a harshen da manomi zai ce "haka ne", su ne ake nema da fitila.

Kuma digirin ba ɗakin labarai kaɗai yake kaiwa ba. Gaskiya ma, cikin waɗanda muka fara tare, waɗanda suka fi samun rufin asiri barin ɗakin suka yi. Wasu jami'an hulɗa da jama'a ne a ma'aikatu da bankuna da jami'o'i, wasu na tare da ƙungiyoyin agaji suna tsara saƙonnin rigakafi da na haihuwa a asibiti, wasu na haɗa tallace-tallace, wasu sun koma jami'a suna koyarwa. Wasu sun zama masu magana da yawun manya: Malam Garba Shehu daga jaridar Triumph ta Kano ya taso kafin ya kai fadar shugaban ƙasa. Akwai kuma aikin da a zamaninmu babu shi, tantance labaran ƙarya da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Ɗaya daga cikin cibiyoyin da suka yi suna a kansa a Najeriya ma sunan Hausa gare ta, Dubawa. Sai dai ki riƙe bambancin a ranki, kakaki aikinsa ya kare mai gidansa, ɗan jarida aikinsa ya tambaye shi. Duka biyun sana'a ce, haɗa su a lokaci guda ne ke jawo sunan da Baba ya kira.

Maganar Umma kuma. Akwai aikin dare, akwai fita ranar Sallah, wannan gaskiya ne, kamar yadda yake ga ma'aikaciyar jinya da babu mai ce mata komai. Akwai kuma teburin fassara da na tsara shirye-shirye da na intanet, inda mace ke shiga da safe ta fita da la'asar. Ki ba ta labarin Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan Sunday Triumph a Kano, ta yi na New Nigerian a Kaduna, tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina a aikin Hajjin 2015. Babu wanda ya isa ya ce aikin jarida ya rage mata mutunci ko addini. Jamilah Tangaza ta shugabanci sashen Hausa na BBC. Kadaria Ahmed ta zaunar da 'yan takarar shugaban ƙasa a 2019 tana yi musu tambayoyi ƙasa na kallo. Ba zan ce miki babu namijin da zai ja da baya ba, akwai. Wanda zai zo kuwa zai zo ya same ki da aikinki, sai a yi maganar a fili tun kafin a sa rana, waliyyai su shaida. Abin da na fi jiye miki ma ba miji ba ne, manyan da za ki je ɗaukar muryarsu su ce ki same su a masauki da daddare. Amsar ita ce a'a, ki ce a yi a ofis ko ta waya, ki kuma sanar da editanki a ranar.

Haɗari ma akwai shi, kada iyayenki su ji daga bakin wani su ce na ɓoye. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin saƙo a 1986. An harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki. Jaafar Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021 bayan bidiyon da ya fitar a 2018 ya girgiza gwamnatin Kano. An sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Yawancin masu aikin dai har su yi ritaya ba su gamu da ko ɗaya daga cikin wannan ba, abin da ke cin su yau da gobe gajiya ce da ƙarancin kuɗi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi muhimmanci a rigimarku da Baba: zaɓinsa bai rufe miki ƙofa ba. Aikin jarida ba kamar likitanci ko lauya ba ne da sai da takardar fannin za a bar ka ka taɓa. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko. Hajiya Bilkisu kimiyyar siyasa ta karanta a ABU. Idan kika yi digirin koyarwa a Turanci ko a Hausa, kin fito da harshen da na ce ana nema, kin kuma fito da sana'ar da za ta riƙe ki ranar da gidan rediyo ya riƙe albashi, wato ranar da ambulan ke da wuyar ƙi. Kina iya shiga ƙungiyar 'yan jaridar jami'a, ki riƙa zuwa gidan rediyon makaranta, daga baya ki ɗora da babbar difloma ta shekara guda a aikin jarida. Ni dai in Baba ya amince, Mass Comm zan ce ki sa, saboda dokokin aiki da abokan da za ki yi waɗanda gobe su ne za su kira ki idan gurbi ya samu. In ya tsaya a kan bakansa, ki sa koyarwar da hannunki, ba tare da kumbure-kumbure ba, ki nemi albarkarsa. Jinkirin bai wuce na shekara ɗaya ko biyu ba.

Kada ki tunkare shi da gardama, kuma kada ki sake cewa "burina ne", iyaye ba sa jin wannan yaren idan suna lissafin abin da za ki ci. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, baffa ko kawu ko malaminki na Turanci, ki fara zaunar da shi ki yi masa bayani har ya gamsu, shi zai san lokacin da ya dace. Ki kuma ba Baba abin da zai riƙe: ABU a zaɓin farko idan nisan Kano ne damuwar, zama a hostel ko gidan dangi, da alƙawarin cewa za ki yi diflomar koyarwa bayan digiri in ya so.

Kafin duk wannan ga aikin gida, mako biyu na ba ki. Ki nemi rijiyar burtsatse ɗaya a unguwarku da ta daina ba da ruwa, na san ba za a rasa ba. Ki ɗauki ƙaninki ya raka ki. Ki gano yaushe aka haƙa ta, wa ya haƙa, yaushe ta tsaya, me ya lalace, nawa mai gyara ya ce, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka kafin ta lalace da kuma yanzu. Ki ji ta bakin mai unguwa, da matan gida biyu, da ɗan garuwa ɗaya, ki nemi kansila, in ya ƙi magana ki rubuta cewa kin neme shi ranar kaza bai amsa ba. Duk abin da mutum ɗaya kawai ya faɗa miki, ki nemi na biyu. Ki rubuta shi a kalma 300 da Hausa, ki sake rubuta shi da Turanci, sannan ki ɗauki muryarki a waya kina karanta na Hausar, kada ya wuce minti biyu. Wani zai kore ki, wani zai ce yarinya me ya dame ki, ki lura da yadda kika ji a ranki lokacin.

Idan kin gama, ki bari sai Baba ya kashe rediyonsa da safe, kin kawo masa koko, ki durƙusa ki ce akwai wani rahoto da kike son ya saurara ya gyara miki. Ki kunna, ki yi shiru. Ni ma ki turo min kwafi, jan biron dattijon nan yana wurina har yanzu.

Antinki